Yadda Inna Ta Raba Karkashi da Kuɓewa

Ina shekara ta huɗu da fara koyar da bayoloji a wata makarantar 'yan mata a Birnin Gwari, Inna ta dawo wurina da zama. Ba da son ranta ba. Ƙauyenmu yana can gaba da Kuyello, a bakin daji, kuma a lokacin zaman wurin ya gagara. Masu bindiga sun hana noma, sun hana kiwo, mutane suna ta tashi gida-gida. Ƙanena ne ya kawo ta a bayan babur da buhun kayanta ɗaya da wata tsohuwar fartanya da ta ƙi bari, ya sauke ta, ya koma cikin garin Kuyello inda ya ajiye iyalinsa.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "ke" take ce mini. Da na fara koyarwa sai ta koma kirana Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

Watannin farko sun yi mata nauyi. Matar da na tashi na gani ba ta zama sai in salla za ta yi, ga ta yanzu a kan tabarma a ƙofar ɗaki, hannuwa a kan cinya, tun fitata makaranta har dawowata. Ba ta kuka, ba ta ƙorafi sosai. Iyaka in na dawo daga kasuwa ta dubi ƙullin ganye ta ce, "Oh ni, yau yakuwa ma sai an je kasuwa." Mijina ya sayo mata rediyo, ta gode, ta ajiye shi a ƙarƙashin gado.

Ni ma ina da tawa damuwar a makaranta, ko da yake ƙarama ce in aka gwada da tata. A cikin manhajar 'yan ajin farko na babbar sakandare akwai darasin rabe-raben halittu, wato yadda masana suke karkasa dabbobi da tsirrai gida-gida, daga babban rukuni har zuwa jinsi guda. Yaran suna haddace matakan nan kamar waƙar gaɗa, suna rubuta sunayen Latin daidai a jarrabawa. Amma ranar da na tambaye su me ya sa ba a sa jemage cikin tsuntsaye ba alhali yana tashi, sai suka hau buɗe littattafansu. Can wata ta ce, "Malama, haka littafi ya ce."

Ni ba a littafi na fahimci darasin ba. Muna ɗalibai, lokacin hanya tana da lafiya, malaminmu ya taɓa kai mu dajin Kamuku. Wani ma'aikacin gandun ya tsaya ƙarƙashin ɗorawa ya ɓare mana kwansonta, ya ɓare na tsamiya, ya ciro waken suya daga aljihunsa, ya ce mu duba da kyau. A ranar na gane cewa itace mai tsawon bene da ɗan waken da ke yaɗo a ƙasa gida ɗaya suka fito. Na so in yi wa ɗalibaina irin wannan. Da na kai wa shugabar makaranta maganar, ta cire tabarau ta dube ni.

"Malama, daji kike cewa? Wane uba ne zai sa hannu a wannan takarda?"

Gaskiyarta ce, ban sake tayar da zancen ba.

Wata Asabar, ana dab da faɗuwar damina, na ce tunda daji ya gagara bari in gwada da abin da ke kasuwa. Na sayo busasshiyar kuɓewa, garin kuka, lalo, karkashi, rama, zoɓo, riɗi, wake, gyaɗa da kalwa, kowanne ɗan kaɗan. Na baza su a kan faifai da murafen kwano a tsakar gida, na ɗauko tsohon littafina na kwalejin horar da malamai ina duba gidan kowanne. Inna tana kallona daga tabarmarta.

"Malama, miyar me za a yi haka? Ko biki ne?"

Na yi mata bayani cewa so nake in raba su dangi-dangi, in nuna wa yara. Sai ta jawo jiki ta matso.

"Wannan ai ba sai da littafi ba."

Ta tura wake da gyaɗa da kalwa gefe guda, ta ce masu kwanso ne. Ta ɗauki kuɓewa ta ajiye, ta kawo rama da zoɓo kusa da ita, ta ce a gona furensu kusan ɗaya ne, auduga ma da tana nan, da a nan za ta zauna. Sannan ta ƙara garin kuka da lalo da karkashi a kan tarin. Riɗi ta juya shi ta juya, ta rasa inda za ta kai shi, ta bar shi shi kaɗai.

"Kuka da lalo da karkashi fa, me ya haɗa su da kuɓewa?" na tambaye ta.

"Yauƙi mana. Duk gidan masu yauƙi ne."

Na duba littafi. Ya yarda da ita a kan masu kwanso, ya yarda da ita a kan rama da zoɓo da auduga. Amma kuka tana wani gida daban, lalo yana wani, karkashi yana wani. Na faɗa mata, har da ɗan jin daɗina na mai ilimi, cewa ta faɗi uku.

"Littafin nan naki ya taɓa kaɗa miya?" in ji ta. Ta koma tabarmarta.

Da zancen ya tsaya nan da na manta shi. To amma ina shirya darasin sai na ce bari in tabbatar, domin littafin ya girme ni. Na ari wani sabo wurin abokiyar aikina, na kuma duba a waya. Abin da na gani ya sa na ajiye biro. Ashe daga baya masana sun samu hanyar karanta ƙwayoyin gadon da ke cikin kowane abu mai rai, waɗanda ɗa ke ɗaukowa daga iyaye. Da suka gwada na tsirran nan sai suka ga kuka da lalo sun fi kusa da kuɓewa fiye da yadda aka zata, suka rushe tsofaffin gidajen suka maido su gida ɗaya. Har ma an rubuta cewa yauƙi yana cikin alamomin wannan dangi.

Na same ta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na ce, "Inna, na zo ba da haƙuri. Kin ci biyu. Kuka da lalo dangin kuɓewa ne, masu littafin sun gyara."

Ba ta ɗago ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. "Na ukun fa?"

"Na ukun kam kin faɗi. Karkashi ɗan'uwan riɗi ne."

Nan ta ajiye faifai. "Riɗi? Riɗin da ake kantu da shi? Wannan mai ne, wancan miya. Tunda suka yi kuskure sau biyu, za su yi na uku."

Na ce mata ba a raba dangi da amfanin da mutane ke yi da abu, kuma kamanni ɗaya tak ba ya isa hujja. Ana duba fure, a duba yadda 'ya'ya suke zama a cikin kwanso, a tara alamomi da yawa a ga inda suka fi karkata. Ta saurare ni har na gama.

"Fure kika ce? To a shuka mu gani."

A bayan ɗakinta akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma huɗu ba, inda muke zubar da toka da fasassun bulo. Washegari kafin in dawo daga makaranta ta kwashe bulon ta jera su a gefe, ta sassabe wurin da fartanyarta. Ta aike ni gidan maƙwabta neman kashin awaki. Irin kuɓewa da rama da yakuwa da lalo ba su yi wuya ba. Auduga wani tsohon manomi a layinmu ya ba ta 'yan ƙwayoyi. Riɗi kuwa abokiyar aikin nan tawa, mutuniyar kudancin Kaduna, ta kawo mana daga wanda mahaifiyarta ta aiko mata. Irin karkashi ne ya gagara. A kasuwa ganyen kawai ake sayarwa, kuma a ƙauye ba ma shuka shi, da kansa yake fitowa a gefen gona.

Akwai wata Bafulatana mai tallan nono da ke shigowa gidanmu duk bayan kwana biyu. Tsararrakin Inna ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Tun zuwan Inna, in matar ta yi sallama sai Inna ta amsa a taƙaice ta shige ɗaki. Ban taɓa tambayarta dalili ba, na san abin da aka gani a ƙauye ya sa mutane sun daina sakin jiki da juna. Abin da na sani game da mai nonon shi ne su ma tashinsu aka yi daga rugarsu a bakin daji, an kore musu mafi yawan shanu, suka dawo bayan gari da 'yan ragowar.

Ran nan tana auna mini nono ta ji ina cewa mun rasa irin karkashi. Bayan kwana biyu ta kwance bakin mayafinta ta zazzage wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe a tafin hannuna, ta ce busassun karan bara ta samu a hanyarsu ta murje. Inna tana ƙofar ɗaki. Ta taso ta karɓa daga hannuna, ta duba, ta dubi matar.

"Daga wace ruga kuka taso?"

Matar ta faɗi wurin. Ashe rafi ɗaya ne tsakaninsu da gonar mahaifina, Allah ya jiƙansa. Inna ta ce, "Ku ne masu sauka wajen marken nan in an yi girbi?" Matar ta ce su ne. Inna ta jawo mata kujera 'yar tsugunne. Ranar nonon sai da ya fara tsami a ƙwarya kafin ta tashi.

Ruwa ya sauka, shuka ta fito. Inna ta koma tashi da aiki. Ta yi wa wurin shinge da ƙaya saboda kaji, tana cire ciyawa ɗaya-ɗaya da yatsa, kuma ta kafa doka cewa ba mai tsinkar ganye ko ɗaya don miya sai an ga fure. Har rediyon ta ciro ta rataye a jikin shingen. Mai nono in ta zo sai ta fara zagayawa bayan ɗaki su duba tare, suna gardama a kan ko an yi shukar da kauri.

Mai nonon ce kuma ta kawo mana furen kuka wata safiya, ta tsinto shi a ƙarƙashin wata babbar kuka da ke hanyarta. Fari ne, ya cika tafin hannu, yana da wani wari mara daɗi, kuma a tsakiyarsa akwai sanda mai kauri da tuntu a kai. Na matse shi a tsakanin tsofaffin takardu na ɗora turmi a kai ya bushe.

Kuɓewa ce ta fara fure, mai ruwan ƙwai, da jan ido a can ciki da ɗan sanda a tsakiya mai ɗauke da gari. Inna ta sa na ɗauko busasshen furen kuka ta gwada su. Ta taɓa sandan wannan, ta taɓa na wancan, ta ce, "Ka ji. Babba da ƙarami." Auduga ta biyo baya da irin wannan siffa.

Riɗi da karkashi kusan tare suka yi nasu. Ina shirin fita makaranta na ji ta tana kira, "Malama! Zo." Na tarar da ita a tsugunne tsakanin layi biyu, da fure ɗaya a kowane hannu. Babu wanda ya buɗe kamar faifai irin na kuɓewa. Dukansu kamar ƙaramin mazurari suke, suna rataye a gefen kara, da leɓe a ƙasa. Na riɗi fari-fari ne, na karkashi ya fi shi launin hoda. In ba don launin ba da wuya ka raba su.

Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tsinki ganyen riɗi, ta tofa masa ɗan yawu ta murje shi a tsakanin yatsu, ta buɗe yatsun a hankali. Wani siririn zare ya miƙe.

"Ashe gidansu ma suna da nasu yauƙin," in ji ta. "Shekara nawa ina cin karkashi, ban taɓa tsayawa na dubi furensa ba. Kama da wane ba ta wane. To, kin ci ɗaya."

"Ba ni ba ce, Inna, masu littafi ne."

"Su ma sun ci ɗaya."

Da aka koma makaranta bayan dogon hutu, sababbin 'yan aji suka shigo, rama da yakuwa kuma suka fara fure. Na roƙi shugabar makaranta ta bar ni in kai yaran gidana, tunda tafiyar ba ta fi ta zuwa masallacin unguwa ba. Ta yarda, da sharaɗin a raba su kashi-kashi. Da safe muka je, domin furen kuɓewa ba ya kai azahar. Inna ta yi wanka ta sa atamfarta ta salla, ta tsaya a bakin shinge da fartanya a hannu kamar mai gadin banki.

Ban faɗa wa yaran komai ba. Na ba kowane kashi furanni a faranti na ce su raba su gida-gida, su kuma faɗi dalili. Tsakar gidan ya kaure da gardama. Ba a daɗe ba suka haɗa kuɓewa da rama da yakuwa da auduga, suka ware riɗi da karkashi. Furen kuka ya ɗan ruɗa su saboda girmansa, sai da wata ta lura da sandan tsakiya. Lalo ne ya tsaya musu, don furensa ɗan mitsitsi ne rawaya, ba shi da sandan. Na ce musu kada su ji kunya, masana ma sun daɗe suna ajiye shi a wani gida saboda wannan dalili, sai da aka leƙa ƙwayoyin gadonsa.

"Ni kuwa tun a tukunya na gane shi," in ji Inna. Yaran suka kwashe da dariya.

Wata yarinya mai zama a bayan aji, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu. "Malama, in an ce dangi ne, ke nan suna da kaka?"

Na ɗauki tsinke na zana mata a ƙasa. Na ce abin da masana suka fahimta shi ne, a wani zamani mai nisan gaske akwai wata shuka guda da zuriyarta ta yi ta rarrabuwa, kowane reshe yana sauyawa kaɗan-kaɗan, har aka samu kuka a nan, auduga a can. Rama da yakuwa ba su daɗe da rabuwa ba, shi ya sa suka fi kama, kamar 'yan ɗaki ɗaya. Kuka ta rabu da su tun da nisa. Karkashi kuwa reshensa ya fita tun can baya sosai, kuma gidansu da gidan kuɓewa kowanne da kansa ya samu yauƙinsa, kamar yadda jemage da tsuntsu kowanne da hanyar da ya samu fiffike.

Yarinyar ta sake ɗaga hannu. "Amma Malama, ba Allah ne ya halicce su ba?"

Ina neman yadda zan fara, Inna ta riga ni. "'Yar nan, ke wa ya halicce ki?"

"Allah."

"Kina da kaka?"

"Ina da ita."

"To."

Yarinyar ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Kafin su tafi Inna ta ɗage dokarta, ta tsinkar wa kowace ganyen yakuwa ta ce a kai wa iyaye. Mako na gaba yara suka fara zuwa mini aji da abubuwa a cikin leda, wannan furen kabewa, wannan na gauta, wannan wata ciyawa daga bayan gidansu da ni ma ban san sunanta ba. Sau da yawa sai in ce su ba ni kwana biyu in bincika.

Inna ta yi damina biyu a wurina. A ta uku al'amura suka ɗan lafa a yankinmu, mutane suka fara komawa gona da rana suna kwana a Kuyello. Ƙanena ya zo ya ce zai gwada noma gonar mahaifinmu. Na so ta ƙara haƙuri, ta ce ta gode, amma shekarunta ba na jira ba ne. Ta ƙulle iri kala-kala a tsummoki, ta bar wa mai nono kulawar ɗan lambun, su biyu suka yi sallama a ƙofar gida suna riƙe da hannun juna.

Bayan kamar wata biyu wani direban motar Kuyello ya kawo mini saƙo a makaranta. Dogon kwanson zogale ne da furanninsa a cikin ƙullin leda. Da yamma ƙanena ya kira ni ya miƙa mata waya.

"Malama, kin ga saƙo? Matar ƙanenki ta ce dangin wake ne saboda kwanso. Ni na ce a'a. Kwanson wake gida biyu yake tsagewa, wannan uku."

Na ce ta yi daidai, kuma in ta yarda da masu littafi, ɗan'uwan zogale na kusa shi ne gwanda.

"Gwanda? Wannan karon kam sun sha rana."

Na ce fure ba zai raba wannan gardama ba. Na ce ta samu ƙwayar gwanda ta tauna, sannan ta kankaro ɗan saiwar zogale ta ɗanɗana. Ta ce akwai gwanda a gidan maƙwabta, in riƙe waya. Na ji takunta, na ji tana sallama, na ji muryoyin mata suna tambayar lafiya. Aka ɗauki lokaci. Can na ji ta yi tari, ta tofar.

"Yaji ɗaya ne," in ji ta. "Har cikin hanci. Bari in kira matar ƙanenki ita ma ta tauna."